Baƙon da Ya Kori Mai Gida

A ƙasar Italiya akwai birnin Benis, wanda aka gina a kan ruwa. Mota ba ta yawo a cikinsa, sai kwalekwale da ƙafa. A 1951 mazaunan tsohon garin sun kusa 175,000. A 2022 ba su cika 50,000 ba. Ambaliya da tsadar gyaran gidaje suna da nasu laifi, amma babban mai korar mutane shi ne baƙo, mai yawon buɗe ido, wanda yake zuwa miliyoyi kowace shekara. Mai gida ya ga kwana kaɗan na baƙo ta Airbnb ya fi masa hayar wata, sai ya sallami ɗan gari da iyalinsa. Shagon burodi ya koma shagon tsaraba.

Me hukuma ta yi? Ran 25 ga Afrilu 2024, ranar idin Markus Mai Tsarki, waliyyin birnin, ta fara karɓar Yuro 5 a ranakun cunkoso daga wanda zai shiga ya fita bai kwana ba. Waɗansu sun yaba. Ni ban yaba ba. Yuro 5 sefa 3,280 ne. Wanda ya biya kuɗin jirgin sama, wannan ne zai tsai da shi? An dai ba shi rasit, yanzu yana gani ya sayi garin. 'Yan garin sun fito zanga-zanga a ranar, gama gidajen zama suke nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne majami'ar Markus ɗin. Masu kallo suna jerin gwano da tikiti, mai zuwa sujada kuwa sai ya bi ta ƙofar gefe. Kaico!

'Yan'uwa, kada mu ce wannan laifin Turawa ne kaɗai. In Allah ya buɗe wa waninmu hanyar ziyarar ibada zuwa Roma, dillalin tafiya ya ce zai ƙara masa Benis na yini ɗaya, to, cikin wannan taron za a zuba shi: a sauka, a tare gada, a ɗauki hoto, a zub da shara, a tafi. In ba za ka kwana a masaukin da bai kori kowa ba, ka ci abinci a hannun 'yan gari, ka shiga sujada tare da su, ka gaya wa dillalin ya bar ka a Roma.