Kwamfutar Ɗalibi: Sabuwa 'Yar Ƙarama Ko Tokumbo?

Duk wanda ke zama majalisar samarin Sabo a Ibadan ya san muhawarar nan da ba ta ƙarewa: idan ɗalibi ya tara 'yan kuɗinsa, shin sabuwar kwamfuta 'yar ƙarama mai araha zai saya, ko kuwa tsohuwar tafi-da-gidanka da aka shigo da ita daga Ingila ko Amurka, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira tokumbo? Ni dai, ya ɗan'uwa mai karatu, ina bayan tokumbo.

Hujjar masu son sabuwa ita ce tana cikin kwalinta, ba wanda ya taɓa ta, ga ta ba nauyi. To, ai an taɓa yin wannan yayi. A shekarar 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC mai allo inci 7, duniya ta yi ta rububinta, amma zuwa 2013 kamfanin da kansa ya daina ƙera ta. Na'urar tana da nawa, madannanta kuma a matse suke. Mu ɗaliban harshe sana'armu rubutu ce. Wanda zai buga kundin kammala digiri, ya saurari maganar da ya naɗo daga bakin dattawa yana mayar da ita rubutu, ga ƙamus a buɗe gefe guda, idan ya sayi irin wannan sai ya gwammace biro da takarda. Araha ba ta ado.

Akwai kuma ƙaramar da ake yayi yanzu, 'yar akwati kamar gwangwanin sardin. Wasunsu suna da ƙarfi, ban musa ba. Sai dai sai ka sayo mata allo da madannai daban, sannan ba ta da batir. Da an ɗauke wuta, ta mutu, abin da ba ka adana ba ya tafi. Mai shagon buga takardu da ke da janareto, ta dace da shi. Ɗalibin da ke jigila tsakanin Sabo da makaranta kuwa, batir shi ne rabin kwamfutarsa.

Amma fa tokumbo ma akwai rami. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na 8. Ke nan da yawa daga cikin waɗanda ake karyar wa farashi, can an riga an yi musu ritaya. Saboda haka a tambayi zubin injin kafin a tambayi kuɗi. A nemi irin waɗanda aka ƙera domin ofis, kamar ThinkPad ko EliteBook ko Latitude, mai RAM 8 da ma'ajiyar SSD, domin kayan gyaransu ba sa wuyar samu. A cire caja a zauna da ita ko da awa guda ne, a danna kowane harafi. Af, kada wani ya karɓi kuɗinka wai zai sa maka ɓ da ɗ da ƙ. Madannan Hausa kyauta ake sauke su, kuma kowace kwamfuta tana ɗauka.

Babban abin da nake so mu lura da shi yana cikin tarihin unguwar kanta. Tun da aka kafa Sabo a 1916, cinikin shanu da goro a kan lamuni ya tsayu. Abner Cohen ya bayyana haka a littafinsa na 1969: falke ya kawo shanu daga Arewa, mahauci ya ɗauka bashi, maigida ya tsaya a tsakani, idan kuɗi suka maƙale shi za a kama. Abin mamaki, jikokin waɗannan mutane ne yau ke tura kuɗin makaranta ga wanda suka gani a Facebook, ba su san shagonsa ba, ba su san wanda ya san shi ba, don kawai ya rage musu 'yan dubbai. Alhali a Sabo ake fara jin farashin dala a bakin 'yan canji, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san kayan waje dala suke bi. Wanda ya yi maka farashin da dala ba ta yarda da shi ba, akwai abin da ya ɓoye.

Don haka ko a Ibadan za ka saya, ko sai ka dangana da Computer Village ta Ikeja, ka tafi da wanda ya san mai shagon. A rubuta lambar na'urar a rasit, a kuma rubuta kwana nawa aka ba ka ka mayar idan batir ya ba da kunya.