Kafin Ka Ɗaure Kayanka: Jan Kunne Ga Masu Niyyar Koyar Da Turanci A Ƙetare

Duk inda ka zauna a makarantar nan, ko ɗakin cin abinci ko gindin bishiyar da ake jiran lacca, da wuya ka tashi ba ka ji ana zancen fita waje ba. A cikin hanyoyin da ake lissafawa kuwa, wadda ta fi kwanta wa 'yan'uwanmu na Sashen Turanci da na Ilmi a rai ita ce koyar da Ingilishi a wata ƙasa. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa: harshen nan mun sha bulala a kansa tun muna firamare, duniya kuwa tana neman masu koyar da shi, to, me zai hana mu ci moriyar wahalarmu? Ni ban ga laifin wannan niyya ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda mafi yawanmu ke ɗaukar cewa wanda ya iya magana da harshe ya riga ya iya koyar da shi, alhali kuwa koyarwa sana'a ce mai zaman kanta, sai an koya ake iyawa.

Ka tambayi kanka, ya ɗan'uwa, yaya za ka yi da mutum ashirin da ba su san kalma ɗaya ta Turanci ba, kai kuma ba ka san kalma ɗaya ta harshensu ba? Digirinka a kan wasannin Shakespeare ba zai fisshe ka ba a wannan safiya. Saboda haka ne makarantun kirki ke neman takardar shaidar horo a kan koyar da baƙin harshe. Biyu ne suka fi suna a duniya: CELTA ta Jami'ar Kembirij, da CertTESOL ta Kwalejin Trinity da ke Landan. Ta farkon kwas ne na kimanin awa 120, wanda ake iya gamawa cikin mako huɗu ko biyar in an duƙufa, kuma dole mutum ya yi awa 6 yana koyar da ɗalibai na gaskiya, malami na zaune yana auna shi. Wannan awa 6 ɗin ita ce darajar takardar. Takardun da ake sayarwa da araha ta intanet, waɗanda ba a taɓa tsayar da kai gaban allo ba, ado ne kawai na bango. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, watau TRCN, ya koyar shekara biyu a nan gida, ya tara wasiƙun shaida daga shugabannin makarantu.

Sai kuma maganar da dillalai ba sa so a yi, wato maganar fasfo. Akwai ƙasashen da ba su duba iyawarka sai sun duba inda ka fito. Koriya ta Kudu ta daɗe tana keɓe bizar koyar da Turanci musamman ga 'yan ƙasashe 7: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Nijeriya ba ta ciki, ko da yake Turanci ne harshen hukumarta. A ganina wannan rashin adalci ne, domin haihuwa a Landan ba ta mai da mutum malami. Amma fushinmu ba zai buɗe ƙofar ba, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce yana da hanya, to, aljihunka yake hange. Haka nan masu mafarkin koyar da yaran ƙasar Sin ta intanet su sani cewa labarin da suke ji ya tsufa: a watan Yuli na 2021 gwamnatin Sin ta hana kasuwancin darasin bayan makaranta a manyan fannoni, ta kuma hana ɗaukar malaman da ke zaune a waje, kasuwar ta rushe cikin 'yan watanni.

Abin mamaki, muna hangen nesa mun bar na kusa. Tun 1987 Nijeriya ke da shirin TAC a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, wanda ke tura ƙwararru, har da malamai, su yi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Hanya ce ta hukuma, ba dillali a tsakani. Bugu da ƙari, ƙasashen da a da ba su san komai ba sai Faransanci suna ta karkata ga Turanci. Ruwanda ta mai da shi harshen koyarwa a 2008. Gabon da Togo sun shiga Ƙungiyar Kwamanwel a 2022. A 2025 kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ajiye Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Albashin Maraɗi ko Damagaram ba zai kai na Dubai ba, wannan gaskiya ne, amma a can Hausarka jari ce, kuma a ranar hutu kana iya zuwa ka gai da tsohuwa.

Kada kuma ka raina kanka don Turanci ba harshen uwa ba ne gare ka. Kai ka bi hanyar da ɗalibinka zai bi, ka san inda ƙaya take. Bahaushen da ya sha fama kafin ya raba p da f shi ya fi kowa sanin halin Balaraben da ke mai da p ta koma b, don babu ita a harshensa. Bature ya tashi ya tarar da harshen a bakinsa, sau da yawa ba ya iya faɗa maka dalilin ƙa'idar da yake bi kullum. Wannan ka faɗe shi a fili ranar ganawa, ba da girman kai ba.

In an ba ka aikin, karanta yarjejeniya kamar mai karatun jarrabawa. Awa nawa a mako, kuma awar aji ce ko har da ta gyaran takardu? Da wane kuɗi za a biya ka, a wace rana? Wa zai biya gida, da magani, da jirgin dawowa? In ka ga ba za ka iya ba, wata nawa za ka ba da sanarwa? Ka kai takardunka Abuja a tantance su a Ma'aikatar Ilmi da ta Harkokin Waje tun kana gida, domin aiko da su daga baya wahala ce da asarar kuɗi. Kada ka yarda ka tafi da bizar yawon buɗe ido ko ta Umara da sunan za a gyara a can. Ranar da aka kama, mai makaranta zai ce bai san ka ba, kai za a tasa ƙeyarka. Fasfonka kuma kada ya kwana a hannun kowa. Kafin ka sa hannu, ka roƙi a haɗa ka da malami ɗaya da ke aiki a makarantar, ka tambaye shi ranar da aka biya shi albashin watan jiya. In suka hana ka lambarsa, ka nemi wata makarantar.