Kiɗan Tunawa da Gwanayen Jita: Gado ko Kwaikwayo?

Gabatarwa

A ƙasashen Ingila da Amurka akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi tun daga wajejen 1980, watau shirya taron kiɗa musamman don tunawa da wani gwanin jita da ya rasu, ko wata ƙungiyar makaɗa da ta watse. Mutane sukan yanki tikiti da kuɗi masu auki, su cika zaure, su saurari waƙoƙin da suka riga suka haddace, daga hannun makaɗan da ba su suka ƙage su ba. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan lamari. Amsa ita ce, tambayar da irin wannan taro yake tayarwa tsohuwa ce a fagen nazarin adabin baka: idan mai fasaha ya kwanta dama, ta wace hanya fasaharsa za ta ci gaba da numfashi? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, taron tunawa yana da daraja gwargwadon yadda makaɗansa suka yarda su sa nasu hannu a cikin abin da suka gada. In kuwa suka tsaya ga kwaikwayon faifai tsantsa, to sun adana gangar jikin kiɗan, sun bar ruhinsa a baya.

Asalin Kiɗan

Kafin a shiga gardama ya kamata a san abin da ake gardama a kansa. Kiɗan da Turawa suke kira rok ya samo tushe ne daga kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka, musamman na yankin Misisifi. Da waɗannan mutane suka yi ƙaura zuwa manyan birane kamar Shikago don neman aikin masana'antu, sai suka haɗa jitarsu da lantarki domin a ji ta a cikin hayaniyar gidajen rawa. Muddy Waters da Chuck Berry suna cikin waɗanda suka share wannan fage. Daga baya samarin Ingila suka ji faya-fayansu, suka shiga kwaikwayo, har ma ƙungiyar Rolling Stones ta ɗauki sunanta daga wata waƙa ta Muddy Waters. Ke nan tun ran gini tun ran zane, kiɗan nan da koyi da magabata ya tashi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a cikinsa shi ne gaɓar da mawaƙi yakan yi shiru ya bar jita ta yi magana ita kaɗai. A nan ne makaɗi yake jan tsirkiya, ya lanƙwasa ta, ya girgiza ta, har sautin ya yi kama da kukan mutum. A hannun gwanaye irin su Jimi Hendrix wannan gaɓa ba ta da tsayayyen fasali. Yadda aka kaɗa ta daren jiya daban, yadda za a kaɗa ta yau daban, gwargwadon halin da makaɗi ya sami kansa da kuma yadda 'yan kallo suka karɓe shi. Ɗalibin waƙar baka ya san wannan sarai, domin haka makaɗin baka yake ƙara ɗiya a waƙa ko ya rage, bisa ga wanda ya gani zaune a gabansa.

Iri Biyu na Taron Tunawa

Taron tunawa iri biyu ne, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Iri na farko shi ne wanda abokan mamaci da almajiransa suke shiryawa. Misalin da ya fi shahara shi ne wanda aka yi wa George Harrison, makaɗin jita na ƙungiyar Beatles, a zauren Royal Albert da ke Landan ranar 29 ga Nuwamba, 2002, shekara guda cif bayan rasuwarsa. Matarsa da ɗansa ne suka shirya shi, abokinsa Eric Clapton ya jagoranci makaɗa, sannan Paul McCartney da Ringo Starr, ragowar 'yan ƙungiyar tasu, suka halarta. An buɗe taron da kiɗan Indiya wanda Ravi Shankar, malamin Harrison a kiɗan sita, ya tsara, aka kuma zuba kuɗin da aka samu a gidauniyar agaji da mamacin ya kafa a 1973. Wanda ya sami zama a zauren nan ya ga mutane ne da suke makokin nasu da abin da suka fi iyawa. Da aka zo waƙar da ake kira While My Guitar Gently Weeps, Clapton ne ya kaɗa ta, kuma shi ɗin ne dai ya kaɗa gaɓar jitarta a faifan asali na 1968, ko da yake ba a rubuta sunansa a jikin faifan ba. Babu mai ce masa ɗan kwaikwayo.

Iri na biyu kuwa sana'a ce. Ƙungiyoyi ne da aka kafa don su riƙa kaɗa waƙoƙin wata shahararriyar ƙungiya daidai da yadda suke a faifai. Akwai Bootleg Beatles da aka kafa a Ingila a 1980, akwai kuma Australian Pink Floyd da ta tashi a birnin Adelaide na Ostireliya a 1988. Wasu daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa tsayawa ga sauti. Sukan nemo irin jitar da gwanin ya riƙe, da irin tufafinsa, da gashin aro, har da yadda yake karkata wuya a kan dandamali. Alal misali, Hendrix bahago ne, yakan ɗauki jitar Fender Stratocaster ta masu hannun dama ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyinta. Mai kwaikwayonsa yana iya yin duk wannan, ya kaɗa jita da haƙori kamar yadda ya yi, jama'a su yi ta sowa. To, amma masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Inda Gizo Yake Saƙa

Matsalar ba daga makaɗan kaɗai take ba, faifai yana da nasa laifi. Ranar da aka ɗauki wata gaɓar jita a na'ura, abin da ya zo wa makaɗi a wannan sa'a ne aka kama. Da an sake ɗauka bayan la'asar, da wani abu daban ya fito. Amma da zarar faifai ya shiga kasuwa, mutane suka saurare shi sau ɗari, sai abin da ya zo bisa dace ya koma doka. Mai sauraro ya haddace kowane lanƙwasa, in ya je taro aka kauce masa ko da kaɗan sai ya ga an cuce shi. Ta haka ne kiɗan da aka san shi da tawaye da ƙin bin ƙa'ida ya wayi gari yana da nassi wanda ba a taɓawa.

Abin mamaki shi ne, su gwanayen da ake girmamawa ba haka suka yi wa magabatansu ba. Bob Dylan ya fitar da waƙarsa All Along the Watchtower a ƙarshen 1967 da jita marar lantarki, cikin sanyin murya. Hendrix ya ɗauke ta a 1968 ya sauya mata kama gaba ɗaya, har shi Dylan ɗin ya koma yana kaɗa ta kusa da salon Hendrix, ya kuma bayyana cewa in yana rera ta yakan ji kamar girmamawa ce yake yi masa. Haka kuma a taron Woodstock na 1969 Hendrix ya kaɗa taken ƙasar Amurka ta yadda mutane da yawa suka ji ƙarar bama-bamai da kururuwa a ciki, a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam. Mutumin da ya yi wa taken ƙasarsa haka, wanda kuma ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27 bai daina neman sabon sauti ba, yaya za a ce an girmama shi ta hanyar maimaita shi kamar aku?

Akwai wani dare guda da ya haɗa hanyoyin nan biyu a waƙa ɗaya. A 2004, a birnin New York, an yi bikin shigar da George Harrison cikin jerin fitattun makaɗan rok, aka sake kaɗa waƙar nan tasa ta 1968. Wani makaɗi ya kaɗa gaɓar tsakiya bisa tsarin da Clapton ya bari a faifai, kuma ya yi ta da kyau. Da aka zo ƙarshe sai Prince ya matso gaba ya kaɗa tasa, wadda ba ta cikin kowane faifai, ɗan mamacin yana tsaye kusa da shi yana murmushi. Shekaru sun shuɗe, shi ma Prince ya rasu a 2016, amma in ana zancen daren nan gaɓarsa ake tunawa.

Hujjar Masu Kwaikwayo

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, don kuwa hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Da farko, gani ya kori ji. Saurayin da aka haifa bayan watsewar Beatles a 1970 ba shi da hanyar ganinsu, kuma sauraron faifai a ɗaka bai kai zama cikin dubban mutane ba, inda sautin ganga yake bugun ƙirji, kowa yana amshi da murya ɗaya. A irin wannan taro akan ga dattijo mai furfura ya zo da jikansa, yana nuna masa abin da ya motsa shi a ƙuruciya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, kwaikwayo makaranta ce. Babu makaɗin da ya fara da ƙirƙira, kowa da bin sawun wani ya iya tafiya. Na uku, su kansu Turawa suna da kiɗansu na gargajiya da ake kaɗawa bisa rubutu, ana maimaita aikin Beethoven kusan shekara 200 bayan mutuwarsa, ba wanda ya kira wannan sata. Daɗin daɗawa, wasu gwanayen sun sa wa abin albarka: David Gilmour na Pink Floyd ya gayyaci 'yan Ostireliyan nan suka yi masa kiɗa a bikin cikarsa shekara 50 a 1996.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai bai rushe batun ba. Beethoven rubuta kiɗansa ya yi don wasu su kaɗa, alhali gaɓar jitar Hendrix amsa ce ga wani lokaci da wasu mutane. Makaranta kuma wurin wucewa ce. Almajirin da ya shekara talatin yana wanke allo ɗaya yana sake rubuta shi ba a ce ya sauke ba. Gidajen kiɗa na ƙasar Hausa sun san wannan bambanci. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidansu ya gaji kiɗa, amma ba don ya iya maimaita waƙoƙin magabatansa aka san shi ba, sai don abin da ya ɗora a kai. Ko a fagen jita ma akwai shaida kusa da gida. Bombino, makaɗin Abzinawa na yankin Agadas, ya koyi abubuwa da yawa daga kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, sa'an nan ya zuba abin da ya koya a cikin kiɗan mutanensa da harshensu. Bai sa gashin aro ba, amma ya fi masu sawa kusa da abin da Hendrix ya yi.

Kammalawa

Ba a ce kada a halarci taron tunawa ba. Wanda ya sami dama ya je, domin yabon gwani ya zama dole, kuma al'ummar da ba ta tuna masu fasaharta ta yi asara. Abin da ake cewa shi ne, mai sauraro yana da alhaki a wuyansa, tun da makaɗi abin da ake tafa masa yake ƙarawa. In jama'a suka riƙa auna makaɗi da faifai, suna ƙirga inda ya dace da inda ya kauce, za su sami faifai mai ƙafafu. In kuwa suka ba shi sarari ya riƙe gindin waƙar yadda aka san shi, ya kawo nasa ɗiyan, to za su ji abin da mutanen 1968 suka ji, watau kiɗan da ba a san inda zai dosa ba sai ya isa.

Wannan darasi ya shafi manazarta adabin baka kai tsaye. Yau muryoyin Narambaɗa da Shata da Ɗanmaraya suna cikin kaset da wayar hannu, kuma kunnuwan jama'a sun saba da siga ɗaya ta kowace waƙa. Duk matashin da ya tashi rera su zai gamu da masu cewa ba haka mai ita ya yi ba. Aikin manazarci ne ya tunatar da su cewa shi ma mai ita ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma ba iri ɗaya ba.