Kwamfuta A Makarantun Gombe: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, ta mayar da ita kacokan kan kwamfuta, bayan ta fara gwajin haka a 2013. Ita ma Hukumar WAEC ta bi sahu a 2024, inda ta fara da masu zaman jarrabawa na ƙashin kansu. Watau duk yaron da ya gama sakandare a Pantami ko Bolari ko Jekadafari, in yana son wucewa gaba, tilas ya zauna gaban wannan na'ura, agogo na tafiya, a ranar da za a yanke masa hukuncin karatun shekara 12. Yaron da sai ranar nan ya fara ɗora yatsa bisa kwamfuta an riga an zalunce shi, ko da kuwa ya haddace littafin lissafi daga bango zuwa bango.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ƙwarai da gaske. Da yawa daga cikin mutanen Gombe da ke neman halaliyarsu a Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, iyalinsu na gida, kuma da guminsu ake biyan kuɗin makaranta. Suna kuma gani da idonsu yadda 'ya'yan maƙwabtansu a can suke sabawa da kwamfuta tun suna firamare. Ga shi kuwa jarrabawar guda ce, ba a rage wa kowa tambaya domin ya fito daga nesa.

To, amma kafin kowa ya ce a sayo na'urori a zuba, ya kamata a tuna da abin da ya faru a baya. A 1982, sa'ad da Gombe ke cikin Jihar Bauci, an fara tsarin ilmi na 6-3-3-4, aka shigo da darasin share fagen fasaha a ƙananan makarantun sakandare. Gwamnatin Tarayya ta kashe maƙudan kuɗi ta sayo injunan kafinta da na ƙira da na lantarki daga ƙasashen Gabashin Turai. A makarantu da dama a faɗin ƙasar nan, injunan nan sun shekara da shekaru cikin akwatunansu har suka yi tsatsa, domin babu ɗakin da za a girka su, babu wutar da za ta tashe su, babu kuma malamin da aka koya wa sarrafa su. An sayi doki ke nan ba a tanadi linzami ba, balle mahayi.

Saboda haka abu na farko shi ne malami. Kwamfuta ba ta koyarwa. Malami ne ke koyarwa da ita. Malamin kimiyya da ya iya aikinsa zai haska wa yara hoton yadda zuciya ke harba jini, ya tsayar da shi, ya yi tambaya, ya maimaita da Hausa ga wanda bai gane ba, sa'an nan ya koma kan allo. Wanda ba a horar ba kuwa, ko dai ya guje wa na'urar don kada ya ji kunya gaban ɗalibansa, ko ya kunna musu ya koma gefe ya zauna. A nan Gombe ba ta da uzuri. A cikin garin akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha, wadda aka kafa tun 1977, ga kuma Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004. Wajibi ne Ma'aikatar Ilmi da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta jihar su ɗaura yarjejeniya da waɗannan makarantu biyu, a riƙa kai malamai horo lokacin hutu, rukuni-rukuni, a kuma bi su har aji a ga abin da suka yi da shi. Taron bita na kwana biyu a otal, a raba jaka da kuɗin mota a watse, ba horo ba ne.

Abu na biyu wuta. Mutanen Gombe ba za su manta da 2024 ba, lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin lantarki da ya taso daga Jos, garin ya yi makonni cikin duhu. Ɗakin kwamfutar da ya dogara ga wannan layi kaɗai, ko ga janareto mai shan man da shugaban makaranta ba shi da kuɗinsa, ɗakin ajiya ne kurum. Allah kuwa ya hore wa Gombe rana. Farantan hasken rana da batura su ne ya kamata a fara kafawa, kafin a sauke kwamfuta ko guda.

Abu na uku shi ne mabuɗi. Sau da yawa ana kulle ɗakin, sai ranar da manyan baƙi za su zo a share ƙura a buɗe, don tsoron kada wani abu ya lalace a tuhumi shugaban makaranta. Maganin wannan shi ne a ware kuɗin gyara cikin kasafin kowace shekara, a kuma rubuta a jadawalin darussa ranar da kowane aji zai shiga. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce ɗalibai 40 ga malami guda a sakandare. Inda aji ya cika ya batse, sai a kasa yara kashi-kashi, yadda kowa zai taɓa da hannunsa, mata da maza. Abin koyarwa kuwa ba a rasa ba: a 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussan firamare da sakandare kyauta.

Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilmi a 2019. Ma'aunin irin wannan alkawari shi ne yawan yaran da suka iya, ba yawan akwatunan da aka sauke gaban masu ɗaukar hoto ba.

Su kuma mutanen Gombe da ke Kurmi suna da nasu rabon aikin. Ƙungiyoyinsu da suka saba tara kuɗi domin biki da jana'iza da ginin masallaci za su iya ɗaukar makaranta guda a unguwarsu ta asali, su kafa mata wutar rana, ko su biya wa malamai biyu kuɗin horo. Wanda duk ya je gida sallah, ya daure ya leƙa makarantar ɗansa ya yi tambaya uku: Wane malami ne ke koyar da kwamfuta? Da wace wuta ake kunna ta? Yaushe rabon ajin yarona da shiga ɗakin? In iyaye suka yawaita tambaya, hukuma za ta yawaita amsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu iko su ji, iyaye kuma su tashi tsaye.