Dokar da Ake Rubutawa Bayan Jana'iza: Gwamnati da Tsaron Na'urorin Lilo a Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya sayi tikiti ya ɗora ɗansa a kan na'urar lilo a filin shaƙatawa, ya damƙa amanar rai ne ga mutanen da bai sani ba. Ba shi da halin duba ƙusoshin na'urar ko gane tsatsar da ke cikin ƙarfenta. Abin da ya dogara da shi kawai shi ne zaton cewa wata hukuma ta duba ta kafin a buɗe ƙofa. Wannan maƙala ta ɗauki Amurka a matsayin abin nazari, domin nuna cewa zaton nan sau da yawa ba shi da tushe, kuma barin masu filayen su riƙa sa wa kansu ido tamkar bai wa kura ajiyar nama ne.

Giɓin da Aka Buɗe a 1981

Amurka tana da hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayayyakin da jama'a ke amfani da su, wato CPSC. A shekarar 1981 majalisar dokokin ƙasar ta zare hannun hukumar daga na'urorin da aka kafa dindindin a wuri guda, ta bar mata na tafi-da-gidanka waɗanda ake yawo da su daga biki zuwa biki. Tun daga lokacin, kula da manyan filaye ya koma wuyan jihohi, kowace da irin dokarta: wata ta tsananta, wata ta sassauta. Ɗan majalisa Ed Markey ya sha gabatar da ƙudurin maido wa hukumar ikonta, amma bai kai labari ba. A jihar Florida ma, filayen da ma'aikatansu suka haura 1,000 kuma suke da masu duba na'ura nasu na kansu, irin su Disney da Universal, an ɗauke musu binciken jami'an jiha.

Darasi Daga Jihohi Uku

A ranar 7 ga Agusta, 2016, wani yaro ɗan shekara 10 ya rasa ransa a filin Schlitterbahn da ke jihar Kansas, a kan magangarar ruwa mai suna Verrückt. Tsawonta ya kai kimanin mita 51, kuma a lokacin babu wadda ta kai ta tsawo a duniya. Kwalekwalen da yake ciki ya tashi sama ya bugi ƙarafunan da ke riƙe da ragar da aka rufe magangarar da ita. Dokar jihar a wancan lokaci ta bar wa filayen nauyin shirya binciken na'urorinsu. Mahaifin yaron ɗan majalisar jihar ne, kuma a 2017 aka tsaurara dokar. Tuhumar da aka yi wa masu filin kuwa, kotu ta yi watsi da ita a 2019.

A watan Yulin 2017, a bikin baje kolin jihar Ohio, wani sashe na na'urar Fire Ball ya ɓalle tana cikin shillo, matashi ɗan shekara 18 ya mutu, wasu bakwai suka jikkata. An duba na'urar kafin a ba ta izinin aiki, amma kamfanin da ya ƙera ta ya bayyana cewa tsatsa ce ta cinye ƙarfen daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Sabuwar dokar jihar ta zo a 2019.

A watan Maris na 2022, yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga hasumiyar FreeFall a birnin Orlando. Binciken jihar Florida ya gano cewa an taɓa na'urar da ke tabbatar da kullewar maɗaurin kujerarsa, aka faɗaɗa ta da hannu, har injin ya tashi alhali maɗaurin bai matse shi yadda ya kamata ba. Doka ta biyo baya a 2023.

A dukkan wuraren uku, gyara ya zo ne bayan an binne mamaci, kuma ya tsaya a iyakar jihar da abin ya faru.

Hujjar Masu Filaye

Masu wannan sana'a suna cewa mutuwa a kan lilo abu ne mai wuyar aukuwa idan aka dubi miliyoyin da ke hawa duk shekara, kuma babu mai son haɗari ya auku a filinsa, domin hakan na jawo asarar suna da dukiya. Suna kuma nuni da ƙa'idojin injiniya da ƙungiyar ASTM ta tsara, waɗanda jihohi da dama suka shigar cikin dokokinsu. Akwai gaskiya a maganar, sai dai tana da rauni ta fuska biyu. Ta farko, babu wata dokar tarayya da ta wajabta wa kafaffun filaye kai rahoton kowane rauni ga hukuma guda, saboda haka alƙaluman da ake kafa hujja da su akasari kintace ne, ko kuma abin da masu filayen suka ga damar bayarwa. Ta biyu, tsoron asara yana aiki ne a ofishin shugaban kamfani. Ma'aikacin da dogon layi ke jiransa a ranar hutu, abin da ke gabansa shi ne kada injin ya tsaya.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Nuna

Haɗarin filin Alton Towers na Birtaniya ya fito da wannan fili. A ranar 2 ga Yuni, 2015, kwamfutar na'urar Smiler ta tsayar da wani tarago saboda akwai wani fanko da ya maƙale a gaba, amma injiniyoyi suka soke umarninta. Mutum 16 suka jikkata, aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa. Doka ba ta hana haɗarin ba, amma hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta ƙasar ta bi diddigin musabbabin, ta gurfanar da kamfanin Merlin, kotu ta ci shi tarar fam miliyan 5 a 2016. A Ostireliya ma, bayan mutuwar mutum huɗu a filin Dreamworld a watan Oktoban 2016, an gudanar da binciken shari'a a bainar jama'a, aka ci kamfanin tarar dalar ƙasar miliyan 3.6 a 2020. Amfanin hukuma mai ikon bincike shi ne darasin da aka koya a fili ɗaya ya isa ga sauran filaye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, abubuwa huɗu sun zama wajibi. Mai duba na'ura ya kasance ba ya cin albashi daga mai ita. Binciken ya wuce kallon ido, a riƙa gwada cikin ƙarfe da kayan aikin da ke gano tsatsa da tsagewa. Kowane rauni mai tsanani a kai rahotonsa ga hukuma ɗaya, a kuma buɗe wa jama'a kundin. Sannan kada a sauya saitin wata na'urar tsaro sai da izinin maƙeranta a rubuce. Babu shakka wannan zai ci kuɗi, kuma farashin tikiti zai iya ɗagawa. Sai dai yaron da ke kan layi ba ya cikin masu shawara, kuma shi ne ke biyan farashin sakaci idan ya auku. Gwamnatin da ta ba fili lasisi kuma take karɓar harajinsa ta riga ta shaida wa iyaye cewa wurin amintacce ne, don haka haƙƙi ne a kanta ta tabbatar da hakan kafin na'urar ta fara juyawa.