Masanin da Ya Karanci Tudun Ventnor

Yau sharhinmu zai leƙa kudancin Ingila, can tsibirin Isle of Wight, inda garin Ventnor yake zaune a kan ƙasar da har gobe motsi take yi. Gidaje da shaguna da tituna, duk an gina su ne a kan wata tsohuwar zaftarewar ƙasa da ta miƙe kusan kilomita 12 a bakin teku. A duk arewa maso yammacin Turai babu wata mai girmanta da mutane suka kafa gari a kai.

A nan Robin McInnes, masanin ƙasa da duwatsu, ya shafe shekaru yana kula wa hukumar tsibirin da harkar gaɓar teku, har aka karrama shi da lambar girma ta OBE a 2006.

Me ke sa tudun tafiya? Ruwa ne. A sama akwai alli da dutsen yashi, masu shanye ruwan sama. A ƙarƙashinsu kuwa yumɓu ne mai kauri, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Idan ruwan hunturu ya yi yawa, sai ya taru a kan yumɓun, ya mayar da shi sulɓi kamar laka a tsakiyar damina, dutsen da ke sama ya fara zamewa wajen teku. Ita kuma igiyar ruwa tana can tana cin gindin tudun, tana kwashe abin da ya tokare shi. Mai gida zai fara ganin tsaga a bango, ƙofa ta ƙi rufuwa, kwalta ta dare a bakin gida.

Binciken da gwamnati ta sa aka yi, wanda ya fito a 1991, ya nuna cewa ba ko'ina ne garin ke motsi da yawa ba. Wannan ya kwantar da hankalin mutane, ya kuma share fagen aikin da McInnes da abokan aikinsa suka sa a gaba: a san inda haɗarin yake, a rage ruwan da ke shiga ƙasa. An jibge manyan duwatsu a bakin teku, an girka na'urorin auna motsin ƙasa da ruwan sama. Amma abin da ya fi burge mai sharhi shi ne ƙananan abubuwan da ake roƙon magidanta su kiyaye: a gyara bututun da ke yoyo, a share magudana, kada a yanki gindin gangare don faɗaɗa fili. Ilimin da ya sauko har ƙofar gida ke nan, kuma ya cancanci yabo.

McInnes ya kuma buɗe wata hanya da ba kowa ya zata ba. A ƙarni na 19 Ventnor ya yi suna wajen masu neman lafiya, musamman masu tarin fuka, kuma masu zane sun yi ta zuwa suna zana gaɓar. Sai ya bi waɗannan tsofaffin zane-zane, ya tantance masu zanen da ba sa ƙara gishiri, ya gwada aikinsu da yadda wuraren suke a yau. Ta haka ake gane nawa teku ya ci, tun kafin a fara ɗaukar hoto daga jirgin sama.

Duk da wannan aiki, tudun bai daina motsi ba. A Fabrairun 2014, bayan ruwa mai yawa, titin Undercliff Drive ya karye tsakanin Niton da St Lawrence. A Disamban 2023 kuma ƙasa ta zaftare a Bonchurch, aka kwashe mutane daga gidaje kusan 20 cikin dare, aka rufe titin Leeson, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin shiga Ventnor, na tsawon watanni.