Wa ya kawo mana cutar? A fara tambayar ƙwayar

Jama'a, sau nawa muka ji wannan a kasuwar Bonkuku? Saniya ta faɗi dare ɗaya, jini na fita ta hanci, kafin azahar an yanke hukunci: "An zuba mana cuta." Wannan ya ce makiyaya ne, wancan ya ce Turawa. A jihar Tillaberi ta yau, inda bindiga ta yi yawa, irin wannan zargi yana iya cin ran mutum.

Ni dai a ganina, ƙwayar cutar ya kamata a fara tambaya. Ita ma tana da dangi da asali, rubuce cikin ƙwayoyin halittarta, kuma masana suna iya karantawa.

A 2001 an aika wasiƙu ɗauke da garin ƙwayar ciwon saifa a Amurka, mutum 5 suka mutu. Mutane da yawa suka nuna Alƙa'ida ko Iraƙi. Da masanin kimiyya Paul Keim ya duba ƙwayar, sai ya ga nau'in Ames ce, wadda ake ajiyewa a ɗakunan bincike. Sawu ya kai har ɗakin binciken sojan Amurka na Fort Detrick. Ashe ɓarawon na cikin gida. Duk da haka, a 2011 kwamitin masanan ƙasar ya ce gwajin shi kaɗai bai isa ya tabbatar da tushen garin ba. Ƙwaya tana nuna hanya, sauran aikin na masu bincike ne da alƙali.

Mu ma mun taɓa cin moriyar wannan ilimi. Sanƙarau na 2015 ya kama mutum sama da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Gwaji ya nuna nau'in C ne, dangin wanda ya ɓulla a Sakkwato da Kebbi tun 2013. Ita kuwa ƙwayar saifa tana iya kwana cikin ƙasa shekaru da dama, ba sai wani ya kawo ta ba.

To, muna da CERMES da LABOCEL a Yamai. Abin da nake nema: a ba su kuɗi da kayan aiki, samfuri daga Imanan ko Filinge ya isa da wuri, a dawo da sakamako a faɗa mana a rediyo da harsunanmu.

Mu kuma matasa, in dabba ta mutu haka kwatsam, kada a feɗe ta, kada a ci. A kira likitan dabbobi. Kafin ka tura wannan muryar ta WhatsApp, ɗan'uwa, tambayi mai ita: an gwada?